Masu Ɗora Hoto a Bango

A Moshi Zango, da ma sauran zangunan Kumasi irin su Aboabo da Sawaba da Asawase, da wuya yanzu a yi babban taro ba a kafa majigi ba. Ko walimar saukar Alƙur'ani ce, ko bitar maniyyata aikin Hajji, ko ma'aikatan lafiya ne suka zo yi wa mata bayanin rigakafi, ko kuwa ƙungiyar ƙwallon Ghana, Black Stars, ce za ta taka leda da dare, sai an ɗaura farin ƙyalle ko an nemi bango mai farin fenti, an kawo tebur, an ɗora majigi da laftof. A haɗa waya, a kunna, jama'a su zuba ido. Sai bango ya yi shuɗi, da ɗan rubutun Turanci a kusurwa mai nuna cewa babu hoton da ya iso. A nan ake fara waige-waige: "Ina yaron nan? A kira mana shi." Kowace unguwa da nata yaron, wani wurin ma budurwa ce, kuma sau da yawa ba su taɓa zama a ajin koyon wannan aiki ba. Duk da haka, a cikin minti biyu ko uku sai ka ga hoto ya fito raɗau. Mutane su ce "Yauwa!" su juya ga mai jawabi, a manta da wanda ya yi aikin. Ni ban manta ba, domin abin da waɗannan matasa suke yi ƙwarewa ce ta gaske, kuma tana da tsari da kowa zai iya ganewa idan aka warware masa.

Wahalar tana farawa ne daga kayan da kansu. Yawancin majigin da ke yawo a unguwanninmu na hannu ne. Sun gama aiki a makarantu da ofisoshin Turai ko Amurka, aka loda su a kwantena, suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, suka ƙare a shagunan Adum da Kejetia. Laftof ɗin da za a haɗa da su kuwa wata ta jiya ce, wata ta shekaranjiya, wata ta girmi mai riƙe da ita a aiki. Tsohon majigi ya fi sanin kafar VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987: mai shuɗin kai, da allurai 15 a jeri uku, da kusoshi biyu na murɗawa a gefe. Hoto kawai take ɗauka, ba ta san sauti ba. Laftof ta tsakiyar zamani tana da HDMI, wadda ta shiga kasuwa a 2003, tana ɗaukar hoto da sauti a waya ɗaya. Sabbin siraran nan kuma ba su da ko ɗaya daga cikin biyun, sai 'yar ƙaramar kafa ta USB-C. Ga kuma wani abin da ke rikita mutane: ba kowace kafar USB-C ce take fitar da hoto ba. Biyu za su yi kama da juna sak, ɗaya tana tura hoto, ɗaya caji da kwafar fayil kawai ta iya. Aikin yaron nan shi ne ya sa kayan da shekara ashirin ko talatin suka raba su fahimci juna, a gaban jama'a, liman yana duba agogo.

Shi ya sa ba ya zuwa hannu biyu. A 'yar jakarsa akwai wayar VGA, da ta HDMI, da adafta iri biyu ko uku, da siririyar wayar sauti, da doguwar soket mai baki uku irin wadda ake amfani da ita a Ghana, da batiran rimot. Ya san kuma abin da mai sayarwa ba koyaushe yake faɗa ba, cewa adaftar HDMI zuwa VGA hanya ɗaya take bi. A cikin ɗan kanta akwai na'urar da ke juya hoton lambobi zuwa irin wanda tsohon majigi yake ganewa, kuma ba ta yin aikin a juye. Mutum ya sayi wadda aka yi don sabuwar laftof da tsohon majigi, ya kawo tsohuwar laftof da sabon majigi, zai kwana yana sokawa yana cirewa bai ga komai ba, alhali babu abin da ya lalace.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwanin yake neman matsala. Wanda bai iya ba, da ya ga shuɗin bango sai ya rikice: ya danna wannan, ya zare wancan, ya kashe laftof, ya kashe majigi, duk a lokaci guda. Ko da hoton ya fito, bai san abin da ya gyara ba, gobe ma haka zai sake fama. Gwani kuwa hanyar hoton yake bi daki-daki, daga inda ya taso zuwa inda zai sauka, kuma abu ɗaya yake taɓawa a lokaci ɗaya.

Na tsaya kusa da wani daga cikinsu a farfajiyar wata makarantar Islamiyya, bayan Magariba, ana shirin nuna wa iyaye hotunan ɗaliban da suka sauke. Malamin ya riga ya karɓi lasifika. Ya sunkuyo ya ce, "Yaro, yaya dai?" Saurayin bai ɗago ba ya ce, "Allah gafarta Malam, a ci gaba da addu'a, yanzu zai fito." Da farko bai ko kalli laftof ba. Maɓallin jerin saituna na jikin majigin ya danna, rubutu ya bayyana a bango. Da wannan kaɗai ya san wuta tana shiga, ƙwan fitilar yana ci, ba a rufe idon majigin ba. Ke nan rabin zargi ya faɗi. Sai ya danna maɓallin da aka rubuta wa Source, wanda a wasu majigan Input ake rubutawa. Majigi yana da ƙofofi da yawa a bayansa, kuma ɗaya kaɗai yake sauraro a lokaci guda. Waya tana HDMI ta biyu, shi kuwa yana jiran ta farko. Ya mayar da shi daidai. Har yanzu shiru. Sai ya koma laftof, ya danna maɓallin Windows tare da harafin P. Zaɓi huɗu suka fito a gefe: allon kwamfuta kaɗai, kwafi a duka biyun, faɗaɗawa, ko allo na biyu kaɗai. Tana kan na farko. Ya sauko layi ɗaya, bango ya yi ƙiftawa, hoton yara da allunansu ya cika shi. Malam bai kai ƙarshen addu'ar ba.

Wannan dannawa ta Windows da P ta zo ne da Windows 7 a 2009, kuma ita kaɗai tana warware matsaloli da yawa. Kafin ta, kowane kamfani da nasa maɓallin: a HP yawanci Fn da F4, a Dell F8, a ThinkPad F7. Masu Mac kuma sai su shiga saitunan allo su zaɓi kwafi. Gwani ya haddace waɗannan har yana iya danna su ko allon laftof ya fashe ba a ganin komai.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a koma ga abin da ke faruwa a asirce lokacin da aka soka waya. Na'urorin biyu gaisawa suke yi, kamar baƙo da maigida a zaure: majigi ya gabatar da kansa, ya faɗi sunansa da girman hoton da yake iya ɗauka, laftof ta ji, ta aiko da abin da ya dace. Idan gaisuwar ba ta kammala ba, saboda waya ta tsufa ko adafta mai arha ce, laftof ba za ta ma san akwai wani a wurin ba, ko kuwa ta yi ta aiko da abin da ya fi ƙarfinsa. Don haka gwani yake fara kunna majigi, ya bari ya gama farkawa, ya haɗa waya, sannan ya tada laftof. Idan ta ƙi, ya zare wayar, ya ɗan dakata, ya mayar, a sake gaisawa daga farko. Idan Windows ce ta ɗaure, akwai dannawa huɗu a haɗe, Windows da Ctrl da Shift da B, da ke farfaɗo da sashen hoto ba tare da an kashe kwamfutar ba.

Girman hoto shi ne wurin da aka fi samun saɓani. Hoto ɗige-ɗige ne a jere. Tsofaffin majigai da yawa ɗigo 1024 a kwance da 768 a tsaye suke da su, wasu ma 800 da 600, masu dama-dama 1280 da 800. Laftof ta yau kuwa 1920 da 1080 take fitarwa. Wani majigin zai matse hoton ya nuna shi a haka, ƙananan rubutu su dagule. Wani zai yanke gefe, a rasa farkon layi. Wani kuma ya ƙi sam, ya rubuta cewa abin ya wuce iyakarsa. Maganin shi ne a shiga saitunan allo a sauko da laftof zuwa ainihin girman majigin, a kuma tabbatar tana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, wanda kusan kowane majigi yake karɓa. Akwai kuma batun siffa. Tsohon majigi kusan murabba'i yake nunawa, huɗu bisa uku, sabuwar laftof kuwa mai faɗi ce, goma sha shida bisa tara. Idan aka tilasta wa mai faɗi ya cika murabba'i, sai fuskokin mutane su yi tsawo, amarya ta rame a bango ba ciwon komai. Gwani ya gwammace a bar baƙin layi sama da ƙasa, mutane su fito da kamanninsu.

Launi ma yana magana ga wanda ya san yarensa. A wayar VGA, allurai uku na farko su ne ke ɗauke da ja, da kore, da shuɗi. Idan hoto ya rine ya koma ruwan hoda, koren ne bai iso ba. Idan ya yi rawaya, shuɗi ya yanke. Idan ya koma shuɗi-shuɗi mai ruwan kore, ja ne ya ɓata. Na ga wani ya kalli bango sau ɗaya kawai, ya zare kan wayar, ya haska shi da fitilar wayar hannunsa, ya ga allura ɗaya ta kwanta. Ya sa bakin biro da ya cire wa tawada, ya zura allurar a ciki, ya miƙar da ita a hankali don kada ta karye, ya mayar ya murɗa kusoshin nan biyu da mutane suke rainawa. Launi ya dawo. HDMI ba ta cika yin irin wannan rinin ba. Ita idan ta gaji, hoto ne zai riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko ƙananan taurari su riƙa walƙiya a cikinsa, musamman idan wayar ta haura mita goma kuma ba mai kyau ba ce. Sai a matso da laftof kusa, a sa gajeriyar waya, mai jawabi ya riƙa ba da alama daga inda yake.

Sai sauti, wanda ke ba da kunya fiye da hoto. Da zarar an soka HDMI, Windows takan ɗauke sautin daga laftof ta miƙa wa majigi, shi kuwa ɗan lasifikar cikinsa ko ɗaki bai cika ba, wani ma ba shi da ita. Sai a ga bakin mai wa'azi yana motsi a bango, ba a jin komai. Gwani zai danna alamar lasifika a ƙasan allo, ya mayar da sautin ta kafar abin sawa a kunne, daga nan siririyar waya ta kai shi ga amfilifayar masallaci. Idan manyan lasifikoki suka kama gurnani, ko wasu layuka suka riƙa hawa a hoton VGA, abu na farko da yake yi shi ne zare cajar laftof. In gurnanin ya tsaya nan take, to daga wuta ne, sai a haɗa komai a soket guda ko a bar laftof a kan batir. Akwai kuma wata matsala da ke sa a zargi majigi a banza: komai yana fitowa, amma da an buɗe fim a Netflix sai wurin ya yi baƙi. Wannan kariya ce da masu fina-finai suka sa don hana kwafa, kuma takan ƙi wucewa ta wasu adaftoci da tsofaffin majigai. Wanda ya sani ba ya ɓata lokacin jama'a yana neman gyaran abin da bai lalace ba.

Akwai wani ɓangare na aikin da ba a rubuta a takardar kowace na'ura ba, kuma a wurina shi ne ke raba gwani da mai iyawa kawai. Laftof ɗakin mutum ce. Hotunan iyalinsa suna ciki, da saƙonninsa na WhatsApp, da lissafin bashi, da takardar asibiti. Idan aka zaɓi kwafi, duk abin da ke gaban mai ita yana bango, a gaban surukansa da almajiransa da maƙwabta. A zango kuwa kowa ya san kowa. Don haka yaron kirki, kafin ya soka waya, sai ya ce, "Alhaji, a rufe saƙonni tukuna," ko ya juya fuska ya bar mai ita ya rufe da kansa. Idan za a nemo wani fayil a tsakiyar taro, sai ya danna maɓallin rimot mai daskarar da hoto ko mai rufe shi, a gama bincike a ɓoye, sannan ya saki. A PowerPoint harafin B kaɗai ya isa ya mayar da bango baƙi. Wani kuma ya fi son faɗaɗawa, yadda bango zai zama allo na biyu, abin da aka tura masa kaɗai zai nuna, mai jawabi yana ganin bayanansa shi kaɗai. Wannan zaɓin ne ma yake ruɗa waɗanda ba su saba ba, su ga hoton bangon kwamfuta fayau babu komai a kai, su ce ya lalace, alhali jira yake a jawo masa taga da linzami, ko da Windows da Shift da kibiya. Rufin asiri ne ake yi da yatsu, cikin daƙiƙa biyu, kuma wanda aka rufa wa sau da yawa bai ma san an yi ba.

Rubutun Larabci ma yana buƙatar irin wannan kula. Malam ya shirya darasi a kwamfutarsa da kyakkyawan rubutu mai wasali, aka kawo shi a filashi, aka buɗe a wata laftof da ba ta da irin wannan rubutun. Sai wasula su goce daga kan haruffa, ko layi ya tsinke inda bai kamata ba. A aya ko hadisi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu lura sukan roƙi a ajiye musu kwafi na PDF, wanda ke tafiya da siffarsa duk inda aka kai shi, kuma su duba shafi-shafi kafin mutane su taru.

Inda za a ajiye majigin ma ilimi ne. Idan aka ninka nisansa da bango, hoto zai ninka a faɗi da tsawo, amma haskensa zai koma kashi ɗaya cikin huɗu, domin haske ɗaya ne aka shimfiɗa a fili ninki huɗu. Shi ya sa gwani yake ƙin biye wa masu cewa "a ƙara girma, a ƙara girma." Majigi mai lumen 3,000 zai yi kyau a ɗakin da aka rage wa fitila, amma babu wanda zai yi gogayya da ranar Kumasi a fili. Sa'ar da aka yi, a nan rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, duhu kuma ba ya jinkiri, don haka ana idar da Magariba bango ya shirya. Idan an ɗaga gaban majigi, saman hoto zai fi ƙasa faɗi. Akwai maɓallin gyara wannan, amma yana cin kaifin rubutu, saboda haka sai ka ga yaron ya fi son ya nemo tebur mai tsayi ya daidaita shi da tsakiyar ƙyallen, sannan ya murɗa zoben ido har sai ƙaramin rubutu ya fito tsaf.

Wuta ita ce babbar fargaba. Waɗanda suka yi wannan aiki a shekarun dumso, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki, daga 2012 zuwa 2016, musamman 2015 da abin ya fi tsanani, sun koyi darasi da kuɗinsu. Ƙwan tsohon majigi yana zafi ƙwarai, kuma bayan an kashe shi fanka takan ci gaba da juyawa har ya huce. Idan wuta ta ɗauke farat ɗaya, fanka ta tsaya, zafin ya zauna a ciki. In aka yi ta haka, ƙwan da ya kamata ya yi awa 2,000 zuwa 5,000 sai ya mutu da wuri, kuma kuɗin sabo yakan kusa kai kuɗin da aka sayi majigin na hannu. Don haka idan wuta ta ɗauke aka tada janareta, gwani ba ya barin a kunna nan take, ko da jama'a suna gunaguni. Zai zare filogi, ya bari janareta ta daidaita, ƙwai ya huce, sannan ya mayar. Mai hali yakan sa na'urar ajiyar wuta ta UPS a tsakani, ba don a ci gaba da kallo ba, sai don fanka ta samu 'yan mintocin da take buƙata. A ƙarshen taro ma, shi ne yake tare hannun mai gaggawar naɗe waya. Sababbin majigai masu LED ko leza, waɗanda ake cewa suna kai awa 20,000, sun rage wannan damuwa, sai dai ba su ne suka fi yawa a unguwa ba.

Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ce take toshe matacin iska. Majigi ya yi minti ashirin yana aiki, jar fitilar zafi ta kama, ya kashe kansa. Wanda ya sani, tun a gida ya zare matacin ya kakkaɓe shi, kuma ba ya yarda a shimfiɗa wa majigi darduma ko a jingina shi da bango ta gefen da yake numfashi.

Wani lokaci kuwa majigin ne da kansa ya gaji. Fararen ɗige-ɗige da ke ƙaruwa kullum a majigi irin na DLP alama ce cewa ƙananan madubban da ke cikin ƙwaƙwalwarsa sun fara maƙalewa, kuma babu waya ko saiti da zai gyara wannan. Rawayan tabo da ba ya gushewa a irin na LCD yawanci zafi ne ya ƙona wani sashe a ciki. Gwani yana tabbatarwa cikin sauƙi: ya zare laftof gaba ɗaya, in tabon yana nan a kan jerin saitunan majigin, to ciwon na ciki ne. A nan sai ya faɗa wa shugaban kwamiti gaskiya, "Baba, wannan sai an kai wa mai gyara a Adum, ba aikina ba ne," ya kama waya ya fara neman aron wani kafin Isha'i.